Wurin Mutumin Maraɗi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Bompai har ranar da aka garƙame ƙofarta, kuma tun daga ranar bai sake yarda da wani shugaban ƙasa ba. Duk wanda ya hau, Kawu zai ɗan ɗaga masa ƙafa na kunya, daga nan sai ya shimfiɗa shi a tabarmar ƙofar gidansa a Panshekara, ya yi ta fiɗarsa tun daga la'asar har kiran magariba. Na wannan karon ko ɗaga ƙafar bai samu ba, domin tun a wurin rantsuwa ya cire tallafin mai.

Ra'ayin Kawu ba shi da wuyar ganewa. Shi dai a bar abu yadda aka tarar da shi, in gyara za a yi a bi a hankali, a kuma tambayi manya. "Mutum ya hau mulki da hantsi, kafin azahar ya ninka wa talaka kuɗin mota," in ji shi. "Wa ya shawarta? Turawan da ke ba shi bashi? Su ne za su hau a-daidaita daga nan zuwa Challawa?" Ni ne ɗan amshinsa a majalisar. Allah ya hore min baki, in Kawu ya kafa magana ni ke sa mata gishiri, har dattawa su riƙa ce masa ɗan 'yar'uwar nan taka, aikin rediyo ya kamata ya nema.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a bakin ganga. Gangar ta katako ce, ta kusa ɗaki girma, tana juya fatu cikin ruwan magani, mutum biyu ne ke loda ta su kuma sauke. Abokin lodina mutumin wani ƙauye ne a bayan Maraɗi, dogo, ya ɗan girme ni, maganarsa sai an roƙa. Kullum da safe nakan tare shi da "lahiya lau, lahiya lau" don in tsokane shi, shi kuma ya ce Bakano bakinsa ya fi hannunsa sauri. Mun daɗe tare. Kwano ɗaya muke ci a wurin mai shinkafa da wake ta bakin get, kuma ranar da na zame a santsin ruwan magani na nufi bakin ganga tana juyawa, shi ya cafko ni ta wuyan riga.

Mu ba ma'aikatan dindindin ba ne. Babu wata takarda tsakaninmu da kamfani, sai sanayya da kuma bakin foman. Amma muna da al'adarmu wadda kowa ya sani. In damina ta faɗi, mutanen Nijar da na ƙauyukan Jigawa sukan koma gida noma. Kafin mutum ya tafi, abokin aikinsa zai kawo ɗan riƙo, ya tsaya masa a gaban foman. Ɗan riƙo ya san matsayinsa: ranar da mai wuri ya dawo, zai wanke hannunsa, a yi masa godiya, ya tafi. Ban taɓa jin an karya wannan ba, har sai da ta zo kaina.

Da ruwan farko ya sauka a wannan shekarar, mutumin Maraɗi ya ɗaure kayansa. A bakin get ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan Kano, wurina amana ne hannunka. Da an yanke gero ina nan tahe."

Na ce, "Je ka abinka, Malam. Ko shekara za ka yi, wurinka na nan."

Ɗan riƙo bai yi min wuyar samu ba, domin yana cikin gidanmu a zaune. Ƙanena, wanda ke bi min, a da yana aiki ne a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Wuta ba ta zama, man janareta ya fi ƙarfin masu kamfanin, sai suka sallami rabin mutanensu, har da shi. Magidanci ne da mata da yara, ya koma kwana da rana kamar mara lafiya. Na kai shi gaban foman, na kuma faɗa masa ƙarara cewa riƙo ne, zuwa kaka. Ya ce ya ji, ko na wata ɗaya ne yana so.

Ana tsakiyar damina sojoji suka karɓe mulki a Nijar. Shugabanmu ya rufe boda, ya kuma sa aka yanke musu wutar da ake tura musu daga nan. Ranar Kawu ko zama bai iya yi ba, a tsaye ya yi majalisar.

"Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya!" ya ce yana kaɗa carbi. "Rabin unguwar nan kakanninsu daga can suka gangaro. Ka rufe ƙofa tsakanin wa da ƙani don ka burge wa? Shanu ba su shigowa, wake ba ya shigowa, fatar da yaran nan ke jemewa ma ta ina za ta zo? Kuma wutar da ka ƙwace musu, ina take? Ni dai ban ga ta ƙaru a ɗakina ba."

Na karɓe. Na ce ga abokin aikina can ya maƙale, bawan Allah da bai san soja ba bai san siyasa ba, gero kawai ya je yankewa. Na kwaikwayi muryarsa, na ba da labarin ranar da ya cafko ni, har wani dattijo ya share ido. Kuma a ranar da gaske nake, ko ɗigon ƙarya babu a raina.

Kaka ta yi, boda ba ta buɗe ba. Wasu na ratsowa ta daji a kan babur, amma hanyar tsada gare ta, ga 'yan bindiga, abokina kuma shi kaɗai ne namiji babba a gidansu. Sai ya riƙa aiko min da saƙon murya. Ya gaishe ni, ya gai da foman, ya gai da mai shinkafa, a ƙarshe ya ce, "Wurin hwa, ɗan Kano?" Ni kuma in ce kada ya damu.

A gida kuwa abubuwa sun sauya. Ƙanena ya yi kumari, ya koma sallar jam'i, yaransa sun koma makaranta. Matarsa ta daina aiko da kwano ɗakin Inna da sunan wai yara na son miyar kaka. Inna, mahaifiyarmu, in ta gan ni sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri." Ba ta taɓa tambayata yaushe riƙon zai ƙare ba, ni ma ban taɓa tuna mata ba.

Ban san ranar da zuciyata ta juya ba. Na dai san ranar da na kama ta. Wani direban tirela ya zauna a majalisa ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a buɗe boda cikin satin. Kowa ya ce Allah ya sa, ni kuwa sai na ji kamar wanda aka yi wa albishir da mutuwa. Da satin ya wuce ba a buɗe ba, na ji sanyi a raina, kuma a yammacin na fi kowa zagin shugaban ƙasa. Haka na koma. Baki na tsine wa wanda ya rufe boda, zuciya na roƙon kada ya yi saurin buɗewa. Liman ya yi addu'ar Allah ya haɗa zumuncin da aka raba, in ɗaga hannu tare da mutane, amma amin ɗin ba ta wuce leɓena. Na ji kunyar kaina, kunyar kuma ba ta hana ni komai ba.

A farkon azumi aka sanar a rediyo an buɗe. Kawu ya ce ba abin yabo ba ne mutum ya daina dukan da tun farko bai kamata ya fara ba, amma dai ya sa aka sayo kankana aka raba a majalisa bayan shan ruwa. Na ci, ban ji ɗanɗanonta ba.

Washegari foman ya kira ni gefe. Ya ce kamfani ya tsayar da sauran gangunan saboda kuɗin wuta, tamu ce kawai da wata ke juyawa, babu inda zai cusa mutum na uku. "Kai ka tsaya wa wancan, kai ka kawo wannan," ya ce. "Ni duk ɗaya ne a wurina. Wa zan bari?"

Da ya yanke hukuncin da kansa, da na samu wanda zan ɗora wa. Bai yanke ba. Na kalli ƙanena can nesa yana jan fatu, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana azumi. Na ce, "Foman, wanda ke nan ai shi ke nan." Ya kalle ni, ya ce to, ya juya.

Mutumin Maraɗi ya iso ana jajiberin sallah. Na tarar da shi a bakin get da sassafe, ya rame, ya yi baƙi, takalman robar aikinsa a rataye a kafaɗa. Ya rungume ni, ya miƙo min ƙullin cuku da dabino, ya ce tsarabar mai riƙon amana ce. Na fara kame-kame. Na kawo kuɗin wuta, na kawo dizal, na kawo shugaban ƙasa, duk maganganun Kawu na juye masa su a bakin get ɗin nan. Yana saurare, sai ƙanena ya zo wucewa da safar hannu, ya gaishe mu a gurguje ya shige. Kamarmu ɗaya da ƙanena, ba a tambaya.

Ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya ce, "Ƙanenka ne?"

Na ce e.

"Shina da iyali?"

Na ce e.

Ya gyaɗa kai. "To, Allah shi sa albarka." Na miƙa masa ƙullin, ya ce a'a, ai an riga an ba ni. Ya gyara takalman a kafaɗa ya kama hanyar titi, ni kuma na shiga aiki da tsarabarsa a hannu.

Bai koma gida ba, domin ba a komawa hannu rabbana. Ya zagaya kamfanonin Challawa da Sharaɗa, ko'ina sallama ake yi. A ƙarshe 'yan garinsu suka sama masa kurar ruwa, ya shiga ga-ruwa a Panshekara, unguwarmu. Yanzu kusan kullum sai ya turo kurarsa ta gaban majalisa, jarkoki cike, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Ya yi sallama, a amsa. Da ya wuce sai Kawu ya nuna bayansa da carbi.

"Kun gani? Ma'aikacin kamfani ne fa wannan, ƙwararre. Shugaban ƙasa ya mai da shi ɗan ga-ruwa. Ko ba haka ba, ɗana?"

Ni kuma in ce, "Haka ne, Kawu."

Kuma ba ƙarya Kawu ya yi ba, wannan ne ke ƙara ci min rai. Da ba a rufe boda ba, da ya dawo da kaka. Da wuta na zama, da ƙanena na Sharaɗa. Duk gaskiya ne, zan iya tsayawa a gaban kowa in kare shi. Sai dai shugaban ƙasa ba ya nan ranar da foman ya yi tambaya, ni ne a wurin. Na sha niyyar faɗa wa Kawu, sai in tuna cewa ƙanena ma ɗan 'yar'uwarsa ne, ina tsoron ya ce na yi daidai.

Matata ba ta san fuskar mutumin Maraɗi ba, labarinsa kawai take ji a da. Ranar wata Juma'a da hantsi ina ɗaki ina shirin masallaci, na ji ta aika a kira mai ruwa. Na ji sallamarsa a zaure, na gane muryar tun kafin ya rufe baki. Ya shigo da jarka biyu, ta nuna masa randa. Ina tsaye bayan labule da hula a hannu, tsakanina da shi bai fi a miƙa hannu ba. Ya tambaye ta ko maigidan na nan, yana so su gaisa. Ta ce yana ciki, ta ɗaga murya ta kira ni, ta sake kira.

Ya ce, "Bar shi, Hajiya, ƙila barci ya ɗauke shi. Aikin ganga da gajiya."

Na tsaya ina jin ruwan yana zuba a randarmu har ta cika, ban fito ba.