Rawar da Na Kalla a Ailan

Shekarar da muka daina noma gonarmu ta Burkusuma, ita ce shekarar da aka tura ni kwas ƙasar Ailan. Ni malamin dabbobi ne a Sabon Birni, kwas ɗin kuwa na kiwon shanun madara ne, mako shida. Da nauyin zuciya na tafi, don shanun da nake yi wa allura sun kusa ƙarewa. 'Yan bindiga sun kore wasu, masu sauran sun ƙetare da su Nijar.

An sauke ni gidan wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Wata Asabar ta ce in sa riga mai kyau, ta samo mana tikitin kallon rawar ƙasarsu. Na ce ni ba mai zuwa wurin rawa ba ne. Ta ce wasan na rana ne, kuma a zaune za ni kalla, ba mai ja na fage. Na yi azahar, muka shiga bas.

Gidan wasan hawa uku ne, kujeru jajaye, cike da mutane har da tsofaffi masu sanda. Aka rage fitilu. Wata mata ta fara da goge, wani ya bi ta da ganga mai faɗi kamar faifai. Sai masu rawa suka fito, maza da mata sun kai ashirin, suka jeru sahu ɗaya. Hannuwansu a manne da jiki. Daga ƙugu zuwa sama ba abin da ke motsi, amma ƙafafun ido ba ya iya bin su. Takalmansu na dukan katako tare, har ina jin sautin a kujerata. Ban yi zaton abin zai burge ni ba, sai ga shi ina kaɗa kai.

Can sai kiɗan ya tsaya cak, aka bar ƙafafu kaɗai, da sauri, ba ƙaƙƙautawa. Ban san lokacin da na duƙa na sa kaina tsakanin gwiwoyi ba. Irin ƙarar bindigogin da muke ji ce daga bayan gari. Da na ɗago, jama'a na tafi, dattijuwar kuwa ni take kallo.

Da aka ba da hutu na kunna waya, na tarar da saƙon murya daga yayana. Ya ce sun kwashe Inna da yara a kan babura zuwa ƙetaren iyaka, Burkusuma duk ta watse, Kawu ne kawai ya ƙi tashi. Na faɗa wa dattijuwar. Ta ce kakanninsu ma yunwa ta taɓa korarsu, ƙauyuka suka zama kufai, amma ga rawarsu nan ba ta mutu ba. Na san lallashina take yi.

"Bayan shekara nawa suka koma gida?" na tambaye ta.

Ta gyara tabarau. "Yawancinsu ba su koma ba," in ji ta.

Muka koma ciki. An ci gaba da rawa, na ɗauki kaɗan a waya, amma hankalina ya bar wurin.

Da na dawo na iske Kawu a gidana na Sabon Birni. Ƙanen mahaifiyata ne, makaɗin gangar noma. Da, in ana gayya, shi ke bin bayan manoma da kiɗa har a gama kunya ta ƙarshe. Yunwa ce ta fito da shi daga ƙarshe, da ƙafa, ba ko jaka. Wata la'asar muna zaune a zaure na nuna masa rawar. Ya kalla sau biyu, ya kai wayar kusa da kunne.

"Wanga na tsakiya shi ka jan su," ya ce. "Ya iya." Ya sauke wayar. "Mutum nawa cikin ɗakin?"

Na ce sun fi jama'ar masallacin Juma'armu.

"Kuma ba wanda aka aje bisa yana duba hanya?"

Na ce babu.

Na tambaye shi gangarsa. Ya ce tana can rataye cikin rumbu, in gara ta bar ta. Na ce za ni sa a ɗaura masa wata, akwai mai yi a garin Isa.

"Bari, ɗana," ya ce. "Wa za ni kaɗa ma?"

Ya miƙo mini wayar, ya ce in nemo masa Inna su gaisa. Na kira sau huɗu, layin ƙetare bai shiga ba. Ya ce a bari sai gobe, ya jawo buta ya fara alwala.