Inna Ta Ɗauka Azumi Nake Yi

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na tafi Kwatano, ba can na je ba. Gadon asibiti na je.

Dako nake yi a tashar manyan motoci ta Gaya. Wani direba ne ya fara ba ni abin, fari kamar gishiri, ƙanƙara suke ce masa. Ya ce maganin gajiya ne. Ranar ni kaɗai na sauke rabin mota, ko yunwa ban ji ba.

Daga nan abinci ya fita raina. Na rame, ga rashin barci.

Mahaifiyata ta ga kwanon tuwona na komawa yadda ya zo, ta tambaye ni. Na ce azumin nafila nake yi. Wallahi murna ta yi. Har garin Tanda ta kai labari wurin 'yan'uwanta, wai Allah ya shiryi Hamidu.

Sai na fara jin kamar kiyashi na yawo ƙarƙashin fatata. Na sosa har jini. Haƙora biyu suka karye.

Ranar kasuwa na faɗi da buhu a ka, ƙirjina kamar zai tsage.

A asibiti aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗebi jini da fitsari, aka rataya mini ƙarin ruwa. Inna ta riƙe hannun likita.

"Ɗana, wannan ruwan ba zai karya masa azumi ba?"

Likita ya dube ni. "Hamidu, kai za ka faɗa mata ko ni?"

Ni na faɗa mata gaskiya, ba azumi nake yi ba.

Ba ta yi kuka ba. "Ni na yi ta yawo da ƙaryarka," in ji ta.

Methamphetamine ne sunan farin abin, haka likita ya ce, kuma ya taɓa mini zuciya. Shekarata ashirin da tara! Har yau abin mamaki yake ba ni.

Makonnin farko na barin ƙanƙarar azaba ne: barci, kuka, baƙin ciki. Yanzu alhamdulillahi, ina shan magani, ina zuwa ganin likita. Na gode masa, na gode wa abokan dako da suka ɗauke ni zuwa asibiti.

Don Allah, in naku ya daina ci da barci yana ramewa, ku kai shi asibiti. In aka miƙo muku farin abu a tasha, kar ku karɓa, ko ɗanɗanawa.

Inna ta yafe mini. Amma Litinin da ta wuce na ɗauki azumi na gaske, na faɗa mata. Sai ta dube ni kawai, kamar ba ta yarda ba.