Sai Ruwa Ya Kwanta

Mahaifina mai yasar rijiya ne. Duk rijiyoyin Matameye da na ƙauyukan gefenta, har Tsauni da Kance, babu wadda bai san ƙasanta ba. In rijiya ta cika da yashi, shi ake kira. In guga ya tsinke, ƙugiya ta kasa kamo shi, shi ake kira. Sai ya tuɓe riga, a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya sauka. Allah ya ba shi dogon numfashi. Yakan nutse har masu riƙon igiya su fara kallon juna, sannan ya ɓullo da guga ko tasar wata mata a hannu. Da hannu yake laluben komai, don ruwan ƙasan rijiya baƙi ne ƙirin. Amma duk da haka bai taɓa nutsewa da ido a rufe ba. Na sha jin yana gaya wa abokansa, cikin dariya, cewa tun yana saurayi yake buɗe ido cikin ruwa, har yau bai ga komai ba.

Ni ne ɗansa na fari, kuma wanda ya san gidajenmu na wancan zamani ya san abin da wannan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" yake ce mini, ko da gemu ya fara fito mini. In yana son wani abu daga wurina, sai ya gaya wa Inna, ita ma ta gaya wa ƙanwarta, maganar ta zagayo ta same ni. Ba ya yi mini faɗa, ba ya gardama da ni, ba ya yabona a gaban kowa. Kunyar ɗan fari ke nan. Ni kuwa da wautata sai na ɗauki shirun nan nasa yarda ce, na tashi da jin cewa duk abin da na faɗa daidai ne.

A shekarun nan na ƙarshen mulkin Faransa wani maƙwabcinmu ya dawo daga Makka. Da ƙafa ya tafi yana matashi, ya dawo da furfura. Ya daɗe a bakin Bahar Maliya yana jiran jirgin ruwa, har ya yi aiki tare da masu nutso na can, waɗanda ke ciro bawon katantanwar teku suna sayarwa. Bayan la'asar dattawa kan zauna a gindin gawon da ke ƙofar gidansa, Alhaji yana ba su labari. Ya ce ruwan can kana cikin kwalekwale kana ganin ƙasansa. Ya ce akwai duwatsu masu rassa kamar itace, ja da fari, kifaye na yawo a tsakaninsu kamar an rino su a karofi. Ya ce masu nutson suna da gwangwani mai gilashi a gindi, su kifa shi a kan ruwa su leƙa, su zaɓi abin da suke so tun kafin su nutse. Sauran dattawa labarin Ka'aba da Madina suke tambaya. Babana shi ma yakan saurara da ladabi, amma da an ɗan yi shiru sai ya ce, "Alhaji, ruwan nan fa, ka ce mutum na ganin hannunsa a ciki?"

A lokacin idonsa ya riga ya fara tafiya. Ba tsakiyar gani ta lalace ba, gefe ne yake ta cinyewa. Yakan yi karo da turmi a tsakar gida, ko akuya ta wuce ta gefensa bai sani ba. Ya ce wa Inna ji yake kamar yana ƙasan rijiya yana kallon sama, bakin rijiyar kuma kullum ƙara tsukewa yake. An yi kwalli, an yi rubutu, an wanke da sassaƙe, abin bai tsaya ba.

Ni ina Kano cin rani, ina ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa. Na dawo farkon bazara da sabuwar hula da bakin magana. Na ga jirgin ƙasa, na ga famfo, a ganina babu abin da ya rage mini na sanin duniya, balle sanin ruwa. Kwana biyu da dawowata saƙo ya zagayo ta wurin ƙanwar Inna. Wani ayarin maniyyata zai tashi daga Damagaram kafin ruwan sama ya rufe hanyar gabas. Baba yana son bin su, ya sayar da bijiminsa, kuma yana son in raka shi don in zama idonsa a hanya. Aikin hajji ne niyyarsa, babu shakka. Amma duk gidan mun san akwai wani abu kuma a ransa: yana son sau ɗaya a duniya ya buɗe ido cikin ruwa ya ga abu, kafin ganin ya ƙare.

Da na yi hankali, da na mayar da amsa ta hanyar da saƙon ya biyo. Sai na tafi gindin gawo ranar kasuwa, wurin ya cika da mutane, na tsuguna na gaishe su, na buɗe baki. Alhaji ba ya nan ran nan, ya tafi Kance ta'aziyya.

Na ce, "Ku dattawa ku duba mana wannan magana. Yanzu bazara ce. Kafin mu kai bakin tekun nan damina ta sauka. Wane ruwa ne a ƙarƙashin sama ba ya gurɓacewa da damina? Ku dubi tafkin Tsauni. Da ruwan fari ya faɗi sai ya koma kamar kunun kanwa, ko ƙafarka ba ka gani. Sai an yi kaka, laka ta zauna, sannan ruwa ya kwanta har ka ga tsakuwa. To teku ai babban tafki ne, duk kwararon duniya cikinsa yake zuba. Mu sha wahalar tafiya mu je mu tarar da jan ruwa? A bari a yi girbi mu tashi, mu isa da sanyi ruwa ya kwanta, mu yi tsintar auduga a Sudan kamar yadda ake yi, mu jira hajji mai zuwa."

Dattawa suka gyaɗa kai. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, amma kowa ya san tafki. Wani ma ya ce, "Yaron nan Kano ta buɗe masa kai." Na ji daɗin wannan magana har cikin ƙashina. Akwai kuma abin da ban faɗa ba ran nan. Tun kafin in tafi Kano na share sabuwar gona a hanyar Tsauni da hannuna, ina son in ga geronta na farko.

Baba yana zaune a gefen tabarma, yana zane a ƙasa da tsinke. Bai ɗago kai ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, da mutanen wurin yake, "To. Sai ruwa ya kwanta."

Ayari ya tashi babu mu. Damina ta yi kyau shekarar nan, har yau ina jin haushin kyan da ta yi. Gerona ya tashi ya fi ni tsawo. Kullum da safe in saɓa hauya in tafi, in dawo in tarar da Baba a ƙofar gida yana juya kai dama da hagu kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, don sai haka yake iya haɗa fuskar mutum. Bayan noman maimai na kai shi Damagaram wurin wani likita Bature. Ya haska idon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya faɗa wa tafinta cewa ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A babbar motar da ta dawo da mu na yi ta lissafi a raina, saura wata biyu a yi girbi, ai zai kai. Har a lokacin ban yi shakkar maganata ba, sauri kawai nake roƙon gero ya yi.

Bai kai ba. Muna tsakiyar yankan gero, wata safiya ina ɗaura wa jaki mangala, na ji shi daga ɗaki yana ce wa Inna ta ɗaga asabarin ƙofa haske ya shigo. Asabarin a ɗage yake, rana har ta kai bakin gadonsa. Inna ta tsaya da ƙwarya a hannu ba ta ce komai ba. Da ya ji shirun ya yi yawa sai ya ce, "Bar shi, na gane." Ya nemi buta ya yi alwala.

Mai taurin kai ba ya saduda da wuri. Bayan an ɗaure dammuna an kai rumbu, na tafi wurin Alhaji ni kaɗai. A raina ina cewa ko don hajjin ma a tafi, wa ya sani ko iskar can ta buɗe idon. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, in muka tashi yanzu, za mu tarar ruwan can ya gama kwanciya?"

Ya ce, "Wace kwanciya?"

Na ce, "Bayan damina mana. Lakar ta zauna."

Ya ajiye carbin ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, can babu damina irin tamu. Ƙasar dutse ce da yashi, babu kogin da ke zuba a tekun nan. Ɗan yayyafin da suke samu ma da sanyi yake zuwa. Duk shekarun da na yi a can ban taɓa ganin ruwan ya yi ja ba. Zafi ne kawai ke da tsanani da bazara, amma ruwa garau yake rani da damina."

Na ce, "Don me ba ka faɗa ba, Alhaji?"

Ya ce, "Da na dawo daga Kance aka ba ni labarin abin da ka ce, washegari na tafi wurin mahaifinka. Ashe ma ya sani. Tun farko shi ya fara tambayata wane lokaci ya fi, na ce masa kowane lokaci. Na ce bari in kira ka in warware maka. Ya riƙe mini riga ya ce in rufa masa asiri. Ya ce yaron ya yi magana a gaban mutane, an yaba masa, ba zai zama shi ne ya kwance masa zani a kasuwa ba. Ya ce kuma ya san da gonar."

Ban san yadda na fito daga zauren nan ba. Na bi bayan gari na zauna cikin kararen gonata, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na ji haushin Alhaji, na ji haushin dattawan da suka gyaɗa kai, na ji haushin kunyar nan da ta hana uba ya ce wa ɗansa "ba haka ba ne". Da haushin ya gama zagayawa sai ya dawo inda ya dace. Tambaya ɗaya ce da zan yi wa mutumin da gidansa ke jikin namu, ban yi ba, don ina ganin na riga na sani. An ce da-na-sani ƙeya ce, ni tawa ko juyawa ban iya yi in kalle ta ba.

Baba bai sake zancen tafiya ba. Kuɗin bijimin ya saya wa Inna tumaki da su. Aikinsa kuwa bai tsaya ba, don ya ce aikin bai taɓa neman ido a wurinsa ba. Ni na daina zuwa Kano, na zama mai riƙe masa igiya. Sau da yawa na shirya maganar da zan roƙi gafararsa, in zo bakin ɗakinsa in kasa. Kunyar da ta ɗaure bakinsa ta ɗaure nawa.

Wata rana da sanyi aka kira shi Tsauni, guga ya faɗa rijiyar masallaci. Muna tafe, hannunsa a kafaɗata, muka biyo ta gefen tafki. Ya ji ƙanshin ruwa da kukan tsuntsaye, sai ya tsaya. Mu biyu ne kaɗai a hanyar.

Ya ce, "Tafkin ne nan?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Ruwan ya kwanta?"

Na duba. Ya kwanta kuwa, har ana ganin sawun shanu a ƙasansa, da ƙananan kifaye suna bi ta ciki.

Na ce, "Ya kwanta."

"Ana ganin ƙasa?"

"Ana gani."

Ya juya yana fuskantar ruwan, idanunsa a buɗe. Sannan ya gyaɗa kai, ya ce, kamar akwai wani na uku a wurin da yake gaya wa, "Ashe yaron ya yi gaskiya."

Ya laluba ya mayar da hannunsa kan kafaɗata, ya ce mu yi sauri, mutane na jiran ruwan alwala.