Hauyar Baba a Hannun Mai Gita

Daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba, ranar da zan fara noman fari, na shiga zaure ɗaukar hauyarsa na tarar babu ita. Hauyar tsaye ce mai doguwar ƙota, wadda ya yi shekara da shekaru yana turawa ba tare da ya duƙa ba, har tafin hannunsa ya cinye ƙarshen icen ya yi santsi. Ita kaɗai na ce a bar mini cikin kayansa. Inna ta kau da kai ta ce autanmu ne ya ara, wai suna da wasa a Magarya. Wasa da hauya! Ciyawa na shaƙe gero, shi yana can yana kiɗa.

Na hau kabu-kabu daga Bande raina a ɓace. Wurin wani ɗan tsakar gida ne bayan tasha inda ake saida lemu, benci shida da injin wuta mai tari kamar tsohon jaki. Bayan la'asar suka fito su huɗu, wai su mawaƙan karkara ne irin na Amirka. Hular kaboyi, takalmin fata har ƙwauri, cikin wannan zufar ta damina. Mai ganga duka yake kamar ya kama ɓarawo a rumbu. Ƙanena ne a gaba da gita a wuya, yana fidda murya ta hanci sai ka ce mai mura.

To me suke rerawa? Noma! Ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, daɗin gumi, albarkar gero. Mutumin da ko akuya aka ce ya ɗaure sai ciwon kai ya taso masa. Masu kallo kuwa ma'aikata ne da 'yan makarantar lise, kowa ya ɗaga talho yana ɗaukar hoto, kuma na rantse babu mai iya raba gero da dawa in ba su fidda kai ba. Allah wadaran naka ya lalace.

Can sai ƙanen nawa ya ce, “Wannan waƙar ta mahaifina ce,” ya sunkuya ya ɗago hauyar sama. Sun shafa mata jan fenti, sun ɗaura mata ƙyalle. Kuma ta gajarce. Na murza ido na sake dubawa, rabin ƙotar babu. Wata mata kusa da ni tana share hawaye.

Suna gamawa na ratsa mutane na isa gabansa.

“Yaya! Ashe ka zo? Ka ji yadda aka tafa?”

“Ina sauran ƙotar?”

“Ba ta shiga bayan mota ba ne, Yaya, sai muka rage ta. Ai ice ne, a sake wata.”

“Na ce ina guntun?”

Ya sosa ƙeya ya ce yana jin mai shayin tasha ya hura wuta da shi. Wallahi ba don idon jama'a ba da na fasa masa gitar nan a ka. Na fizge hauyar na fita, yana bina yana cewa suna da wasa a Damagaram mako mai zuwa, da me zai riƙe.

Na iso gida dab da magariba. Inna na zaune bisa tabarma, ta miƙo hannu na ba ta. Ta bi ƙotar da tafin hannu a hankali tana neman wurin santsin nan, sai hannun ya zarce. Ta daɗe haka, sannan ta ce, “An dai tafa masa?”

Na ce, “An tafa, Inna.”