Uwar Zane, wadda manhajarmu ta hana gado

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran babbar mai tsara manhaja ta sashen kwamfuta na asibitinmu, wadda muke kira Uwar Zane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ke kika koya mini aikin nan. Ba kya barin kowa ya taɓa kwamfuta sai ya zana azuzuwansa, wato rukunonin da manhaja ke kasa abubuwa a ciki, a farin allo: wane aji ne uba, wane ne ɗa, me ɗan zai gada. In na yi shirme, sai ki miƙo mini tsumman goge allo ki ce, "Ƙanena, sake, ba a kore ka ba." Ranar da matata ta haihu, ke kika karɓe aikina kika kora ni gida.

Da aka zo gina sabuwar manhajar asibiti, kin dage cewa Mutum shi ne aji. Ma'aikaci da Majinyaci matsayi ne, mutum ɗaya na iya riƙe duka biyun. Shugaban sashe ya ce, "Hajiya, wa ke da lokacin wannan dogon lissafi?" Ya sa aka raba su aji biyu, kowane rai ya faɗa ɗaya kawai.

Da ciwo ya kayar da ke, manhajar ta ƙi ba ki gado, wai lambarki ta Ma'aikaci ce. Kika wuni a kan benci, 'yarki na yi miki fifita, har sai da aka goge ki daga ma'aikata kafin a kwantar da ke. Ban ce wannan ne ajalinki ba, ajali na Allah ne. Amma wallahi raina a ɓace yake. Mai shara da ma'aikacin jinya da direban asibitin nan, duk wanda ya kwanta ciwo gobe, bencin nan zai tarar.

Jiya a wurin ta'aziyya shugaban ya tsaya yana kiran ki ginshiƙin sashe. Ranka ya daɗe, riƙe yabonka. Ka sa hannu a gyara manhajar yadda ta tsara, ita ce ta'aziyyar da za mu karɓa daga gare ka.

Allah ya jiƙan ki, ya sa jinyarki ta zama kaffara, ya yalwata makwancinki. Maigidanki da 'yarki da 'yan'uwa, Allah ya ba su haƙuri.