Karan geron Baba Danda

Ranar Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, da hantsi, labari ya iske ni cewa Baba Danda mai walda na Tasawa ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, ni ce Nabila, wadda kuke tsokana da "injiniyar takarda". Mu shida, ɗaliban aikin injiniya, muka zo garajinku da zanen motar tsere cikin rairayi, wanda muka fitar daga ordinatar, wato kwamfuta. Kun ce cikin motar ya yi ƙasa, muka nuna muku lissafi, kuka haɗa mana ita yadda muka zana. Ranar gwaji a hanyar Koona, ko kilomita ba ta yi ba cikinta ya hau tudun da ke tsakanin sawun amalanke, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza. Saura wata guda tsere, aikin shekara na shirin lalacewa. Na zauna cikin rairayi hawaye na zuba.

Ba ku yi mana dariya ba. Karan gero kuka karyo, kuka tsayar cikin sawun, kuka auna tudun, kuka ƙara taƙi guda kuka yanke. "Ɗiyata, shekara talatin nike ƙirar amalanke, hanyag ga ke ba ni awo. Ordinatar naki ya taɓa zuwa Koona?"

Da wannan kara muka sake yankan ƙarfe muka ɗaga motar, sati uku kuna tsaye kanmu ga ciwo yana cin ku. Ranar tseren ɗalibai daga Mayahi zuwa Attantane, motoci bakwai suka tashi, uku suka kai. Mu ne na biyu, ni ke tuƙi, aka ba mu kofi. Ina alfahari da wannan har gobe.

Na kawo muku kofin a gadon jinya, ko kallonsa ba ku yi ba. "Cikinta ya taɓa ƙasa?" Na ce ko sau ɗaya. Kuka yi hamdala, kuka juya kwanciya. Kwana huɗu ke nan kafin rasuwarku.

Allah Ya jiƙanku, Ya haskaka kabarinku, Ya sa Aljanna ce makoma. Inna Tanna da Ishaƙu da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Karan yana hannuna, Baba. A kundin kammala karatuna, inda aka ce in faɗi tushen awon nan, sunanku na rubuta.