Matar da ke Waƙa da Jamusanci

Lokacin da nake lebura a madatsar ruwan Makwar, wani tsohon injiniya Bajamushe da ya zo gyaran ƙofofin ruwa ya ba ni kaset ranar da zai koma gida. Waƙar ƙasarsu ce, wadda ake wasan kwaikwayo da ita, opera suke ce mata. Ya ce tun yana yaro aka ɗauke ta. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma akwai wata mata a ciki, in ta ja murya sama sai tsigar jikina ta tashi, in tuna da innarmu da ta rasu.

A garinmu Mai Wurno kuwa na zama abin dariya. Da na kunna rikoda a gindin darbejiya sai a ce ga shi can ya saki aljanarsa. Yayana ne kaɗai bai taɓa yi mini dariya ba.

Wata rana, dawa ta fara nuna, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya saurara har gefe guda ya ƙare, yana gyaɗa kai, idonsa a kan zaren kaset ɗin da ke juyawa.

Ya ce, "Wallahi wagga mata na da murya, ya zol, mutumina. Ara mini ita in ji a hawasha."

Gonarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa yake nufi. Daɗi kamar ya kashe ni. Har ƙyalle na samo na naɗe kaset ɗin, kada rana ta taɓa shi.

Shiru-shiru bai dawo da shi ba, sai na bi shi gona. Tun daga nesa na hango wani abu yana ƙyalli bisa kawunan dawa. Ashe fasa kaset ɗin ya yi, ya zare zaren, ya ɗaɗɗaura daga kara zuwa kara, yadda ake yi don korar tsuntsaye.

"Yaya, mi na yi maka?"

Ko kunya babu, ya ce, "Naka ya fi na kowa tsawo. Tuwo za mu ci ko waƙa?"

Na yi baƙin cikin kaset ɗin, amma zaman nan da ya yi kusa da ni ya fi ƙona mini rai. Ni ina murna na sami abokin saurare, shi kuwa tsawon zare yake aunawa.

Dawar ta yi kyau a shekarar, kuma na ci tuwonta, don yunwa ba ta san fushi ba. Amma har yau, in ina magana ya yi shiru yana gyaɗa mini kai, sai in tambayi kaina me kuma yake aunawa.